Damin Giwaye

Ni ba mutumin rubutu ba ne. Aji huɗu na yi a firamare na fita na kama facin taya, kuma shi nake yi har yau a bakin titi a Jimeta, ba nisa da gidana a unguwar Ajiya. Maganar da zan yi ta kati ce. Mai dariya ya yi abarsa, an daɗe ana yi mana ita.

Ba karta ba ce, ba kuma caca ba, ko sisi ba a ajiyewa. Wasu katuna ne masu hoton dabbobi da ke zuwa cikin ledar biskit. Wani mutumin Michika mai shagon kayan masarufi a bayan wurin facina ne ya kawo mana su. Ruwa ya jiƙa masa kwalaye a hanyarsa ta dawowa daga Anaca, biskit ya koma kunu, da ya rasa abin da zai tsira da shi sai ya zare katunan ya shanya su a kan buhun shinkafa. Ya ce ya ga yadda ake buga su a can. Turancin da ke jiki ba mu iya ba, saboda haka muka raɗa wa kowanne sunan da ya yi kama da shi: Kare, Zomo, Kunkuru, Dorina, Giwa. Abin da ya fara a matsayin wasan jiran kwastoma, kafin shekara ta zagayo sai ga mu manya da iyali muna sayen biskit ɗin da ba ma ci don kawai mu ga abin da ke ciki.

Kowa yana haɗa nasa guda talatin, ya ɗaure da roba. Dami muke ce masa. Kowane kati yana da taurari a goshinsa, su ne nauyinsa. Zagayen farko tauraro ɗaya kake iya kashewa, na biyu biyu, haka yake ta hawa. Kare tauraro ɗaya ne, kuma yana sauka yake cizo, ba ya jiran gobe. Giwa bakwai ce, sai ka rayu har zagaye na bakwai kafin ka ajiye ta. Kowa yana da murfin kwalba ashirin a gabansa, su ne ransa. Dabbar da ta zo ba ta sami mai tare ta ba sai ta ci murfi. Wanda nasa suka ƙare ya faɗi.

Da muka daɗe a ciki sai muka gane ba kyan kati ke ci ba, haɗi ne, da kuma sanin wanda za ka zauna da shi. Akwai mai tara ƙanana, karnuka da zomaye, ya auka maka tun ba ka gyara zama ba. Ni ke nan. Maganin irina shi ne mai katanga, wanda ke jera Kunkuru da Dutse ya bar ka ka yi ta karya haƙori har katin hannunka ya ƙare. Shi kuma mai katanga ba abin da yake tsoro sai manya, don ba ya duka, zama kawai yake, sai ya ba Giwa lokacin sauka ta taka shi. Amma mai manya in ya gamu da mai karnuka, kafin Giwarsa ta fito an cinye shi. Kowa da ubangidansa.

Muna da doka biyu da mutumin Michika ya kafa, don shi ne alƙali. In an yi wasan gaske, na ci biyu cikin uku, wanda ya yi nasara zai zaɓi kati ɗaya a damin wanda ya faɗi ya ɗauka. Ta biyun ita ce ramuwa, wato a sake karawa. Katin da ka ɗauka ba naka ba ne tukuna. Ba ka buga shi, ba ka musaya da shi, sai ka ba mai shi ramuwa. Kuma kai za ka kawo kanka, ba shi zai neme ka ba. Mun ɗauki dokar nan da nauyi fiye da yadda ta kamata. Akwai telan da ke zama da mu wanda ya taɓa barin ɗinkin amarya ya hau keke daga unguwar Makama ya zo don kawai ya sauke ramuwar da ke kansa.

Shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya, ƙanena ya iso gidana da matarsa da 'ya'yansa uku. Shi ne ya zauna a ƙauyen da mahaifinmu ya bar mana gona da injin niƙa a bayan Mubi, ni na taho birni tun ina saurayi, daga baya na ɗauko Dada, mahaifiyarmu, saboda ciwon ƙafa. Ƙanena da iyalinsa ta kan duwatsu suka bi, suka shiga Kamaru, suka zagayo. Da na ga ƙafafunsa ban tambaye shi komai ba, shi ma bai faɗa ba. Har yau ban san duk abin da ya gani a hanyar nan ba.

Na ba su ɗakin zaure. Ya shiga ya zauna. Mutumin da na sani da surutu har Dada na ce masa rediyo, sai ya koma ba ya cewa komai sai amsa gaisuwa. In taya ta fashe a titi, ko mai walda ya saki ƙarfe, sai ka gan shi tsaye a bakin ƙofa yana ƙirga 'ya'yansa da ido. Da na gaji da ganinsa haka na ce ya riƙa bina wurin aiki, ko iska ya sha. A nan ya ga kati.

Ya yi kwanaki yana kallo. Ran nan ya miƙa hannu cikin kwalin da muke zuba katunan da ba wanda ke so, ya fara tsinta. Kunkuru, Dutse, Bushiya, duk abin da ba ya duka sai tarewa. Ya haɗa katangar da ba mu taɓa ganin irinta ba. Wasa da shi azaba ne. Sai a fara bayan la'asar, a kira magariba ba ka ci masa murfi biyar ba. Tela yakan ce, “Wannan ba wasa yake ba, gini yake. Ku kawo masa siminti.” Ni kuwa da karnukana ban taɓa cin sa ba ko sau ɗaya. Ban damu ba. Ina ganinsa yana murmushi in na buga tsaki, wannan ya ishe ni.

Sojoji suka karɓe Mubi, mutane suka fara komawa kaɗan-kaɗan. Labarin da ke zuwa daga ƙauyuka kuwa ba daɗi. Yau a ce an tare mota, gobe a ce wani ya taka abin da aka binne a gona. Mu ma a Jimeta ba mu tsira ba. Bayan bam ɗin da ya tashi a kasuwa, taron mutum biyar ma tsoro yake ba mu. Muka kwashe tabarmarmu daga bakin titi muka koma bayan shago, tsakanin buhunan gishiri da bango, inda zafi ke dafa mutum. Duk baƙon da ya tsaya da jaka a kusa, sai wasa ya tsaya har ya wuce.

Ana cikin zafin bazara, hadari ya fara leƙowa ta gabas, ƙanena ya same ni ina ɗaye taya. Hamma yake ce mini, yadda ake kiran wa a wajenmu. Ya ce, “Hamma, zan koma. Ruwa ya kusa.”

Na ce masa ba inda za shi. Na riga na yi magana da wani mai gona a Vinikilang, ƙetaren gada, ya yarda ya ba shi fili ya noma bana.

Ya ce, “Gonar aro.”

Na ce, “Gonar aro ta fi kabarin kanka.”

Ya ɗauki guduma yana juya ta. Ya ce, “In ban shuka bana ba, baɗi wani ne zai shuka ta, kuma ba zai tashi ba. Injin Baba yana can yana tsatsa. Ni kuma ina nan ina cin tuwon matarka ina jera Kunkuru.”

Dada ta kira ni ɗakinta ta ce, “Kai ne babba. Ka hana shi.” Faɗa da baki ba wuya. A gidanmu ƙane ba ya ce wa wansa a'a a fuska, amma wa ma ba ya ɗaure magidanci mai 'ya'ya uku. Ya ce mini to, na san in na farka wata safiya zan tarar ba ya nan. Muka yi ta ja, a gida, a hanya, har a bayan shago gaban mutane. Ran nan mutumin Michika ya gaji da mu. Hausarsa ba ta damu da mace ko namiji ba. Ya ce, “Abeg, wannan magana ya ishe ni. Kunnena ya mutu. Ku buga shi a kati mana, kowa ya huta.”

Da wasa ya faɗa. Ƙanena bai ɗauke ta wasa ba. Ya ɗago ya dube ni ya ce, “Juma'a mai zuwa, bayan la'asar. In ka ci, na noma Vinikilang, ba zan ƙara tada maganar ba sai an yi girbi. In na ci, ka kai ni tasha da kanka, kuma kai za ka gaya wa Dada.”

Na san hauka ne. Amma ita ce kaɗai hanyar da na ga zai ba ni alkawarin da zai riƙe, don ya yi shi gaban shaidu. Na ce na yarda.

Daga ranar barci ya ƙaurace mini, aiki ma haka. Na yi wa wani mai keke faci a inda ba huda, ya dawo yana zagina. Tunanina ɗaya ne: karnukana ba sa cin katanga, kowa ya sani. Sai manya. Ni kuma Giwa ɗaya gare ni, ita ma don ado.

Na kwance damina, wanda na yi shekaru ina haɗawa, na shiga musaya. Na je wa tela da karnuka huɗu da Zomo ɗaya, ya ba ni Giwa. Yana karɓa yana kallona ta saman tabarau. Ya ce, “Kai da karnukan nan kamar 'ya'yan cikinka, yau ka sallame su? Ko ka tuba ne?” Na ce ya ba ni abina ya daina wa'azi. Na je wa mai cajin waya na ba shi sauran zomaye na karɓi Dorina biyu da Kada. Haka na yi ta zubar da ƙanana ina ɗaukar manya, har damin ya yi nauyin da ban taɓa riƙe irinsa ba. Na zauna ni kaɗai na jera katanga a gefe ɗaya, irin ta ƙanena, don na haddace ta, na buga da kaina. Giwaye suka rushe ta. Na sake, suka sake rushe ta. Hankalina ya ɗan kwanta.

Dokarmu ta yarda mutum ya zo da kati biyar a aljihu, ya canza tsakanin wasa da wasa. Na zuba manya uku, na ƙara Kunkuru ɗaya. Gurbi ɗaya ya rage. Ina da wani kati da muke kira Guguwa, taurari huɗu, yana share duk wata ƙaramar dabba a tabarma, taka da ta abokin wasa. Ba ya yi wa katanga komai. Na sa shi ne kawai don ba ni da wani, kuma shi ne katin da na fara samu a rayuwata.

Ran Laraba mutumin Michika ya karɓi damin ya duba, don aikinsa ne ya tabbatar talatin ne. Ya daɗe yana juya su. Ya ce, “Oga faci, dami babu ƙanana, kamar gida babu yara ne. In an buga ƙofa wa zai buɗe?”

Na ce, “Ba mai buga ƙofa. Katanga ba ta tafiya.”

Ya ɗaure ya miƙo mini. Bai ƙara ba. Alƙali ne, ba zai faɗi abin da ya gani a hannun wani ba.

Matata ma ta yi magana ban ji ba. Ta ce, “Ka lura ƙanenka ya koma cin abinci da sauri kamar da? Jiya har ya tsokani Dada a kan goro.” Na gan shi ya kai takalminsa an ɗinke, na gan shi yana wasa fartanya a bakin rijiya. Na ce a raina Vinikilang ma da fartanya ake noma ta.

Juma'a ta zo da zafi irin wanda iska ba ta motsi. Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a bayan shago. Tela ya zo, mai caji ya rufe rumfarsa ya zo. Aka jera murafu. Ina gaurayawa katuna suka zube mini, har tela ya ce in ba shi ya gauraya mini. Na ɗebi katunan farko na duba: Giwa biyu, Kada, Dorina, duk manya. Na ce madalla, sai jira.

Ƙanena ne da fara wasa. Ya zaro kati ɗaya ya ajiye a hankali.

Kare ne. Kuma ba kowane kare ba. A kusurwarsa akwai tabon baƙin mai na babban yatsana, da ɗan salatif inda ya taɓa yagewa na liƙe shi da hannuna.

Na ɗago na dubi tela. Ya kau da kai yana sosa gemu. Ya ce, “Ni musaya aka zo mini da ita. Ya ba ni Kunkuru, na ba shi. Haram ne?”

Duk inda na kai kare ko zomo a makon nan, ƙanena yana bayana ya karɓe, ya bar musu katangarsa. Ya san ba ni da zaɓi sai manya. Ya san kuma me ke cin manya, don ya yi watanni yana kallon yadda nake yi wa mai caji.

Wasan farko bai kai a sha ruwa ba. Ina zaune da giwaye a hannu kamar mai riƙe da takardun gidan da ya ƙone, karnukana suna ta kwashe murafuna. Zagaye na biyar aka gama. Mai caji ya ce, “Innalillahi. Ko tabarmar ba ta yi zafi ba.”

Na zaro na aljihu. Manyan uku ba su da amfani. Na cire Giwa ɗaya da Kada ɗaya, na sa Kunkuru da Guguwa. Kati biyu cikin talatin, su ne duk abin da ke tsakanin ƙanena da hanyar Mubi.

Wasa na biyu Allah ya taimake ni. Ƙanena ya zo da zafinsa, ya zube karnuka da zomaye biyar a tabarma, murafuna suka yi rabi. A zagaye na huɗu na ja kati, sai ga Guguwa. Na buga ta har ƙura ta tashi daga buhun gishiri. Aka share tabarma, hannunsa ba komai. Dorina ta sauka, Giwa ta biyo, na taka shi. Tela ya yi kabbara, mutumin Michika ya ce ya rage murya kada a ɗauka wani abu ne ya faru.

Ƙanena ya ɗauki Guguwar ya juya ta ya duba, ya mayar mini. Ya ce, “Ashe ba ka sayar da ita ba.”

Na ce, “Ba wanda ya taya.”

Na uku. Na ɗebi katuna, sai ga Guguwa a hannuna tun farko, ga Kunkuru. Na yi ƙoƙari kada fuskata ta nuna. Ban iya ba. Mutumin da ya girma yana kallon fuskata don ya san ko Baba ya dawo da fushi, ba zan ɓoye masa kati ba.

Ya ajiye kare ɗaya. Zagaye na biyu ya ƙara ɗaya. Na uku yana da taurarin da zai zube uku, bai ajiye komai ba, ya dai cije ni da biyun. Na sa Kunkuru ya tare ɗaya. Zagaye na huɗu ya zo, Guguwa na hannuna, karnuka biyu kacal a tabarma, katuna cike da hannunsa. In na buga ta yanzu, na kashe biyu, na kashe Kunkuruna, sauran su zo. In na jira, ana ta gutsurata. Gumi na zuba a idona. Na ji wani keke ya yi ƙara a titi, duk muka ɗago, muka koma.

Na jira. Ya ƙara Zomo ɗaya, shi kuma Zomo tsallake mai tarewa yake. Na ajiye Dorina, na ce ko zai ji tsoro ya zubo sauran. Bai zubo ba. Yana ta ɗaukar murfi biyu, uku, kamar mai tsintar gyaɗa. Na ce, “Ka buga mana! Me kake ajiya, gado?”

Ya ce, “Ina bugawa, Hamma.”

Da murafuna suka koma bakwai ba ni da sauran dabara. Na saki Guguwa a kan uku. Kunkuruna ya tafi tare da su. Sai ya sauke hannunsa, karnuka huɗu a jere, duk nawa, har da mai salatif. Dorina ta tare ɗaya, uku suka wuce, kowanne ya ci biyu. Murfi ɗaya ya rage a gabana.

Zagaye na bakwai ya zo, na ajiye Giwa. Ita na yi mako ina nema, ita na zubar da damina dominta. Ta sauka, ba ta taɓa kowa ba. Ita ta tare ɗaya, Dorina ta tare ɗaya, ya miƙo hannu ya ɗauke murfin ƙarshe ya sa a gefe.

Tela ya tashi ya ce zai je alwala, alhali da sauran lokaci.

Na ce, “A ina ka koyi riƙe su haka? Ni ban taɓa riƙe kare a hannu ba.”

Yana tattara katuna ya ce, “Ran da muka fito, na tura matata da ƙananan biyu da ayarin farko. Ni da babbar muka kwana a dutse, muka bi wata hanya. Ba a fitar da gida duka ta ƙofa ɗaya.” Wannan ne abu mafi tsawo da ya taɓa gaya mini a kan tafiyar. Ya ɗaure daminsa ya ƙara da cewa, “Ni kaɗai zan tafi. Su za su zauna wurinka sai na ga yadda ƙasa take. Ka ɗauka ban san abin da ke can ba ne?”

Mutumin Michika ya ce, “To, doka. Zaɓi kati.”

Na baje damin. Giwaye na nan, Kada na nan, duk masu tsada. Ƙanena ya sa yatsa ya jawo Guguwa. Ya sa ta a aljihun gaban rigarsa.

Mutumin Michika ya ce, “Ka san wannan kati ba naka ba tukuna. Akwai ramuwa a kanka. Kai za ka kawo kanka.”

Ya ce, “Na sani.”

Ni na gaya wa Dada, kamar yadda aka yi alkawari. Ta dube ni ta ce, “Da katin biskit kuka raba ni da ɗana?” Ta daɗe ba ta karɓi goro daga hannuna ba. Da safe na kai ƙanena tasha, na riƙe masa fartanya da buhun iri har mota ta cika. Na so in ce wani abu, abin da ya fito shi ne ya riƙa cajin wayarsa.

Daminar nan ban san yadda na yi ta ba. Wayar ƙauyen sai an hau dutse take kamawa. In na kira aka ce ba a samunsa, sai in ajiye aiki in zauna a kan taya. In mota ta zo daga wajen Mubi da faci, kafin in taɓa tayar sai na tambayi direba me ya gani a hanya. Akwai lokacin da aka yi kwanaki ba labari, aka ce an shiga wani ƙauye kusa da nasu. Matarsa ta daina cin abinci, Dada ta daina barin sallaya, ni kuma na kwance damina na ƙirga, ashirin da tara, na ɗaure, na sake kwancewa. Da wayar ta shiga, abin da ya fara ce mini shi ne bel ɗin injin ya tsinke, in nema masa a kasuwa.

Bayan girbi ya zo da buhun masara biyu a kan mota. Ya rame, ya yi baƙi, surutunsa ya dawo. Ya gaida Dada, ya ɗauki 'ya'yansa, da la'asar ya same ni a bayan shago. Ya zaro Guguwa daga aljihu, ta yi laushi da gumi, ya ajiye a tabarma. Ya ce, “Hamma, ramuwa.”

Na dubi katin. In muka buga, ko wa ya ci, magana ta ƙare, ba sauran abin da ke kansa. Na ce, “Damina bai shirya ba. Sai ka dawo.”

Mutumin Michika ya buɗe baki zai yi magana, ya dube ni, ya rufe. Doka ta ce mai nasara ba ya ƙin ramuwa. Ba ta ce wanda ya faɗi dole ya karɓa yau ba.

Ƙanena ya kwashe iyalinsa a shekarar da ta biyo. Dada ta rasu a gidana, ya zo da katin a aljihu, ko a zaman makoki na ga kusurwarsa ta leƙo. Yanzu biskit ɗin ma an daina kawo shi, tela idonsa ya yi rauni, masu tasowa a waya suke nasu wasan da mutanen da ba su taɓa gani ba. Ƙauyen ya fi da sauƙi, amma ba a ce ya zauna lafiya ba. Akan yi shiru a daɗe, sai kuma a ji wani abu. Ni dai in waya ta ƙi shiga, sai in ajiye aiki in zauna a kan taya kamar ranar farko, kuma na gaji da hakan, amma na kasa bari.

Ba na cewa kati ne ke tsare shi. Allah ke tsarewa, na sani, ba sai an gaya mini ba. Amma duk Sallah yana zuwa, ya ci nama, ya tsokani matata a kan yajinta, da la'asar ya zaro katin ya ajiye gabana. Hoton ya kusa gogewa. Na ce masa hannuna na ciwo, na ce masa tabarau ya ɓata, na ce masa murafun kwalba sun yi wuyar samu. Sallar da ta wuce ya ce, “Hamma, ƙaryarka ta fara ƙarewa.”

Na ce, “Ka dawo baɗi, zan nemo wata.”

Ya mayar da katin aljihu ya tambaye ni ko na san mai gyaran injin niƙa mai amana a Jimeta.